Gyaran Birkin Babbar Mota a Gida

1.0 Gabatarwa

Kaso mai yawa na hatsi da dabbobi da siminti da man fetur da ake zirga-zirga da su a ƙasar Hausa, a kan manyan motoci suke tafiya. Daga cikin dukkan sassan irin waɗannan motoci, babu wanda rayukan jama'a suka rataya a wuyansa kamar birki. Injin da ya mutu hasarar lokaci yake jawowa, amma birkin da ya ƙwace a gangare irin na Hawan Kibo, a kan hanyar Jos zuwa Akwanga, hasarar rayuka yake jawowa. Wannan bayani zai duba yadda birki yake aiki, da alamomin cinyewarsa, da matakan da mai mota zai bi ya gyara shi a gida, da kuma iyakar da ya kamata ya tsaya ya nemi bakanike.

2.0 Yadda Birki Yake Aiki

Asalin aikin birki guga ne. A jikin kowace taya akwai wata gangar ƙarfe da ke juyawa tare da ita. A cikin gangar akwai takalman birki guda biyu masu siffar jinjirin wata, kowanne da fatarsa, wadda kanikawa ke kira lainin. Idan direba ya taka feda, sai takalman su buɗe su matse cikin gangar. Wannan guga shi ke mayar da ƙarfin gudun mota ya zama zafi, har motar ta tsaya. Wasu motocin kuma faifai ne a gabansu maimakon ganga, amma manufar ɗaya ce. Idan nauyin mota da kayanta ya ninka, zafin da birki zai sha yakan ninka sau biyu, idan kuwa gudu ne ya ninka, zafin yakan ninka sau huɗu. Wannan ne dalilin da ya sa lodi fiye da kima da gudun wuce sa'a suke saurin cinye lainin.

Ta hanyoyi biyu ake kai ƙarfi ga takalman. Ƙananan motocin kaya, irin su a-kori-kura da kanta, galibi birkin mai gare su. Mai ba ya matsuwa, don haka ƙarfin ƙafar direba yakan bi ta bututu ya isa kowace taya. Tireloli da tankoki kuwa birkin iska suke amfani da shi, dabarar da George Westinghouse na Amurka ya ƙirƙiro domin jiragen ƙasa a shekarar 1869. A nan kwamfiresa ce ke tara iska a tanki, feda kuma aikinta buɗe wa iskar hanya kawai.

3.0 Alamomin Cinyewar Birki

Birki ba ya mutuwa rana ɗaya, yakan yi ta gargaɗi kafin ya ƙwace. Fitattun alamomin su ne:

i. Ƙara mai kama da kukan ƙarfe idan an taka feda, wadda ke nuna lainin ya ƙare har ƙarfe ya fara cin ƙarfe.
ii. Mota ta riƙa fizga gefe ɗaya, domin taya ɗaya ta fi 'yar uwarta kamawa.
iii. Feda ta yi laushi ko ta nutse ƙasa, alamar iska ta shiga bututu ko mai yana yoyo.
iv. Warin ƙauri da zafi mai tsanani a jikin taya bayan gajeriyar tafiya.
v. Ƙaruwar tazarar da mota ke ci kafin ta tsaya.

4.0 Matakan Gyara

Bayanin da ke tafe ya shafi birkin mai ne mai ganga. Kayan aikin da ake bukata sun haɗa da jak mai ƙarfin ɗaukar motar, da sifanu, da filaya, da waji, da matokaran ƙarfe, da sababbin takalma, da man birki irin wanda aka rubuta a murfin gwangwaninsa a jikin motar.

Da farko a sauke kaya, a ajiye motar a wuri mai tauri kuma miƙaƙƙe, a kashe injin, a sa waji gaba da bayan tayoyin da ba za a taɓa ba. A sassauta notunan taya tun tana ƙasa, sannan a ɗaga ta. Jak na ɗagawa ne kawai, saboda haka wajibi ne a tokare motar da ƙarfe ko katako mai kauri. Bulon siminti yakan farfashe ba zato, don haka haɗari ne a dogara da shi.

Bayan an cire taya, sai a saki birkin hannu idan ta baya ce, a sassauta abin saita takalman, a zare gangar. Ƙurar da ke ciki ba a busa ta da baki ko da iska, domin wasu lainin suna ɗauke da sinadarin asbestos, wanda shaƙarsa ke haddasa sankarar huhu bayan shekaru. Da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ta. Yana da kyau a kwance ɓangare ɗaya a bar ɗayan, domin ya zama madubi wajen mayar da sifirin kowanne a gurbinsa.

Daga nan sai a duba abubuwa uku. Na ɗaya, silindar taya: idan robarta ta jiƙe da mai, dole a canza ta. Na biyu, cikin gangar: idan ta tsage ko ta yi zurfin zane, ko faɗinta ya wuce iyakar da aka buga a jikinta, sabuwa ake sa wa. Na uku, sifirin da ya saki ko ya yi tsatsa. Ana canza takalman hagu da dama a lokaci guda, in ba haka ba motar za ta riƙa fizga. A kuma kiyaye kada giris ko mai ya taɓa sabon lainin.

Idan an buɗe bututu, sai an fitar da iska. Mutum ɗaya zai taka feda sau da yawa ya riƙe, ɗayan ya buɗe ɗan notin fitar da iska ya rufe, har mai ya riƙa fita babu kumfa. Akan fara da tayar da ta fi nisa da babbar silinda. Man birki yana tsotsar laima, wadda ke rage masa juriyar zafi, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke ba da shawarar canza shi duk bayan shekara biyu. Cika gwangwanin da ruwan sabulu ko man inji, kamar yadda wasu ke yi a kan hanya, ganganci ne, domin ruwa yakan tafasa, man inji kuma yakan kumbura robobi.

A ƙarshe a saita takalman, a mayar da taya, a ɗaure notuna a gicciye. A taka feda har ta yi tauri, sannan a gwada motar a hankali a fili, babu kaya.

5.0 Iyakar Aikin Gida

Mai motar da ke da birkin iska zai iya zubar da ruwan da ya taru a tanki kullum, ya saurari yoyon tiyo, ya kuma tabbatar agogon iska ya cika kafin ya tashi. Amma tukunyar birkin baya tana ɗauke da wani ƙaton sifirin a matse, wanda idan ya kubce zai iya hallaka mutum nan take. Buɗe ta ba aikin gida ba ne. Haka ma wasa gangar birki da gyaran kwamfiresa, sai gareji.

6.0 Kammalawa

Tun kafuwarta a shekarar 1988, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa take lissafa lalacewar birki cikin musabbaban haɗurran hanya. Kuɗin takalman birki ƙalilan ne idan aka kwatanta da kuɗin mota da kayanta, balle ran direba da yaransa da masu tafiya a gefen titi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Mai motar da ya saba duba birkinsa kafin kowace doguwar tafiya, ya kuma san abin da ya fi ƙarfinsa, ya sauke wani nauyi da ke kansa game da rayukan jama'a.