Gigin Tsufa: A Bar Baba A Lafiya Ko A Kawo Shi Ikko?

'Yan'uwa mazauna kurmi, wani lokaci saƙo yakan zo daga Lafiya cewa tsoho ya fara ɓata tsakanin gida da masallaci. Wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba maita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar Alzheimer ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100.

Kada a yi garajen ɗauko shi, baƙon wuri yana ƙara rikita shi. A fara ganin likita. In ya zama tilas sai gidan tsofaffi, a bincika: ma'aikata nawa ke kwana? Suna jin harshensa? Ana barin dangi ziyara? In babu, gara a ɗauki mai jinya a gida, ku riƙa aika kuɗi duk wata.