Ragar murhu

Ragar murhu wani sashe ne na murhu, ko kurfoti, ko tanderu, ko tukunyar tururi ta masana'anta, wanda makamashi ke zama a kansa yana ci. Ana yin ta da sandunan ƙarfe da aka jera da tazara a tsakaninsu, ko farantin ƙarfe mai huji-huji, ko gasasshen yumɓu da aka huda. Aikinta uku ne: ta riƙe itace ko gawayi ko ɓuntu, ta bar iska ta shigo daga ƙasa, sannan ta ba toka hanyar zubewa. Idan ɗaya daga cikin ukun ya gaza, wuta takan yi sanyi, hayaƙi ya yi yawa, makamashi ya tafi a banza. Batun yana da muhimmanci a wuraren da ake sarrafa shinkafa, irin su ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi, domin ɓuntun shinkafa yana cikin makamashin da suka fi barin toka mai yawa.

Suna

Kalmar raga asalinta abin da aka saƙa ne mai idanu, kamar ragar kamun kifi ko ragar ƙwallo. Daga nan ma'anarta ta faɗaɗa zuwa waya ko ƙarfe mai ramuka, irin wanda masu tsire da balangu ke ɗora nama a kai. Murhu kuma ana jin sa da sigogi biyu, murhu da murfu, saboda musayar da ake samu tsakanin h da f a kare-karen harshen Hausa. Karin yamma, wanda ake yi a Kebbi da Sakkwato, ya fi karkata ga h. Kurfoti kalmar aro ce daga Turancin coal pot. Dunƙulen da tokar da ta narke take zama bayan ta huce shi ne ake kira kashin maƙera.

Yadda take aiki

Wuta ba ta ci sai da iskar oksijin. A murhun duwatsu uku, itace yana kwance a ƙasa, iska tana shigowa ta gefe kawai, garwashi kuma yana nutsewa cikin tokarsa. Toka ba ta ƙonewa, kuma ba ta barin zafi ko iska su ratsa ta da sauƙi. Shi ya sa ake binne garwashi a toka idan ana so ya kwana da rai, domin tokar tana rage masa ci.

Raga tana ɗaga makamashin sama ta bar fili a ƙarƙashinsa. Iskar da ta yi zafi tana tashi sama, sai sabuwar iska ta biyo ta ƙasa, ta ratsa idanun ragar, ta shiga tsakiyar garwashin. Wannan ita ce iska ta farko. Akwai kuma iska ta biyu, wadda ke shiga ta saman wutar ta ƙone hayaƙi da gas ɗin da makamashin ke fitarwa. Iska ta farko tana yin wani aikin ma: tana sanyaya ƙarfen ragar yayin da take wucewa. Saboda haka idan toka ta taru a ƙasa har ta taɓo raga, illa biyu ce ke faruwa tare. Wutar tana shaƙewa, ƙarfen kuma yana rasa abin da ke sanyaya shi, sai ya lanƙwashe ko ya cinye.

Ƙa'idojin ƙira

Abu na farko shi ne faɗin tazara. Idan idanun sun yi faɗi, gutsattsarin gawayin da bai gama ci ba zai zube tare da toka. Idan sun yi ƙanƙanta, za su toshe. Don haka girman makamashi ne ke yanke girman ido. A kurfotin gida ramukan galibi ba su wuce santimita 1 zuwa 2 ba.

Na biyu shi ne siffar sanda. A tanderun masana'antu ana yin sandunan da faɗi a sama da tsukakken gindi, ta yadda tazarar da ke tsakanin sanduna biyu take ƙara buɗewa zuwa ƙasa. Duk abin da ya iya shiga ta sama zai faɗi ba tare da ya maƙale ba. Ana kuma ba sandar zurfi fiye da kaurinta, don ta jure nauyi kuma iska ta sami wurin shafar ta.

Na uku shi ne miƙewar ƙarfe. Sandar ƙarfe mai tsawon mita 1, idan zafinta ya ƙaru da digiri 500 a ma'aunin Salshiyas, tsawonta yana ƙaruwa da kimanin milimita 6. Idan an yi mata walda a kai biyu, ba ta da inda za ta miƙe, sai ta gantsare ko ta tsage bangon murhun. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗora sandunan a sake bisa kafaɗa, a bar ɗan fili a ƙarshensu. Yin haka yana kuma sauƙaƙa cire sanda ɗaya da ta lalace ba tare da an sake ragar duka ba.

Na huɗu shi ne irin ƙarfen. Rodin gini da falankin ƙarfe suna da arha, amma idan suka yi ja sukan yi ɓawo, ɓawon ya riƙa zubewa har ƙarfen ya sirance. Zubabben ƙarfe ya fi jimiri, ko da yake yana iya tsagewa idan aka kwara masa ruwa yana da zafi. A manyan tanderu ana gauraya ƙarfen da sinadarin kuromiyam don ya jure wuta. Yumɓu ba ya tsatsa kuma yana riƙe zafi, sai dai yana fashewa idan ya faɗi.

Na biyar shi ne ɗakin toka, wato filin da ke ƙarƙashin raga. Ana so ya yi zurfin da zai ɗauki tokar aiki guda ba tare da ta kai ga ƙarfen ba, ya kuma kasance da ƙofa ko tire da ake jawowa. Ƙofar ita ce linzamin wutar: a buɗe ta wuta ta tashi, a tura ta wuta ta lafa.

Ire-iren raga

Kafaffiyar raga ita ce mafi sauƙi. Ba ta motsi, sai dai mai aiki ya zungure ta da sanda ko ya girgiza kurfotin.

Raga mai girgiza tana da sanduna da aka ɗora a kan ƙusoshi masu juyawa, aka haɗa su da hannu ɗaya. Idan aka ja hannun, sandunan sukan karkata gaba da baya, su farfasa kashin maƙera, toka ta zube. An yi amfani da irinta sosai a jiragen ƙasa masu aiki da kwal.

Raga mai juyewa tana da sashe da ke buɗewa ƙasa kamar ƙofa, a zubar da toka da dunƙule gaba ɗaya idan an gama aiki.

Raga mai matakala tana da faranti a jere kamar matakalar bene, a gangare. Makamashi yana shiga ta sama yana gangarowa, iska tana shiga a kwance ta tsakanin faranti, toka tana taruwa a gindi. Da yake babu rami a tsaye, ƙananan abubuwa kamar ɓuntu da garin katako ba sa zubewa.

Raga mai sarƙa kamar bel take, tana tafiya a hankali. Makamashi yana hawa ta baki ɗaya, kafin ya kai ɗaya bakin ya zama toka ya faɗa rami.

Raga mai turawa tana da layukan sanduna, wasu a kafe wasu suna kai da komo, suna tura makamashin suna juya shi. Ita aka fi amfani da ita a tashoshin da ke ƙona shara don samar da lantarki.

Tarihi

Ƙirar raga mai motsi ta bunƙasa ne a Ingila a ƙarni na 19, lokacin da injinan tururi suka yawaita, zuba kwal da kwashe toka da hannu suka zama aiki mai wahala, hayaƙi kuma ya addabi birane. A shekarar 1819 William Brunton ya yi rajistar raga mai kewayawa, a 1841 kuma John Juckes ya yi rajistar raga mai sarƙa. A 1874 aka gina tanderun ƙona shara a birnin Nottingham bisa ƙirar Alfred Fryer. A Jamus, Josef Martin ya kafa kamfaninsa a birnin Munich a 1925, wanda ya shahara da raga mai tura makamashi baya, wato sama da gangaren, don wuta da sabon makamashi su cakuɗa. A Najeriya, an gano kwal a yankin Udi kusa da Inugu a 1909, kuma da shi jiragen ƙasa masu tururi suka yi aiki shekaru da dama kafin zuwan injinan dizal.

A ɓangaren girkin gida, a farkon shekarun 1980 aka ƙirƙiro murhun gawayi na Kenya mai suna Jiko, wanda jikinsa ƙarfe ne amma cikinsa da ragarsa yumɓu ne. An kwaikwayi ƙirarsa a ƙasashen Afirka da yawa.

A Jega da Aliero da Maiyama

Ƙananan hukumomin uku suna cikin Masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991. Jega gari ne na kasuwanci a bakin Gulbin Zamfara, a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri. Aliero ta yi suna da noman albasa, kuma a nan ne jihar ta kafa jami'arta ta kimiyya da fasaha a 2006. Maiyama ƙasar noma ce, kuma ana shuka shinkafa a fadamun yankin. Noman shinkafa ya ƙara bunƙasa a jihar bayan ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015.

A gidaje da kasuwannin yankin, kamar sauran ƙasar Hausa, ana samun wuta iri-iri. Murhun duwatsu uku ba shi da raga. Wutar maƙera ma ba ta da ita, domin zugazugi ne ke hura iska ta gefe, maƙeri kuma yana tsince kashin maƙera da awartaki. Murhun garin katako da ake kira Abacha ramin tsakiya ne ke ba shi iska. Kurfoti shi ne mai raga, kuma ragar ce ta fi saurin mutuwa a jikinsa, shi ya sa maƙera da masu walda ke sake ta ba tare da an sayi sabon kurfoti ba.

Inda batun ya fi nauyi shi ne turara shinkafa, wato gumi, sana'ar da mata suka fi yi kuma take cin itace da yawa, alhali ɓuntu yana tsibi a bayan injinan casa. Ɓuntu kusan kashi 20 cikin 100 ne na nauyin shinkafar da ba a casa ba, tokarsa kuma kusan kashi 20 cikin 100 ce ta nauyinsa. Ke nan tan 1 na shinkafa yana ba da ɓuntu kilo 200, wanda zai bar toka kimanin kilo 40. Itace kuwa tokarsa ba ta cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Bugu da ƙari, tokar ɓuntu yawancinta sinadarin silika ne, kuma tana riƙe siffar ɓuntun bayan ya ƙone, sai ta haɗe ta yi rumfa a kan wuta maimakon ta zube. Idan aka zuba ɓuntu a kan shimfiɗaɗɗiyar raga, ko dai ya tsiyaye ta idanun, ko ya toshe su ya riƙa turnuƙa hayaƙi.

Maganin da aka daɗe ana amfani da shi a ƙasashen Asiya shi ne raga mai matakala da gangaren kusan digiri 45, tare da mazurari a sama da wurin jan toka a gindi. Akwai kuma murhu mai siffar mazurari, kamar Lo Trau na Biyetnam, wanda ake ɗan bubbuga shi lokaci-lokaci don toka ta sauka sabon ɓuntu ya maye gurbinta. A Filifin, injiniya Alexis Belonio ya ƙera murhun da ke mai da ɓuntu gas da taimakon ƙaramar fanka, aikin da ya ba shi lambar yabo ta Rolex a 2008. Irin wannan murhu ana cika shi ne, idan ya cinye a buɗe ragar ƙasa a zubar da ragowar.

Karan dawa da na gero da na masara suna da tasu matsalar. Tokarsu tana da sinadarin fotasiyam da yawa, don haka tana narkewa a zafin da bai kai na tokar itace ba, ta manne a kan sanduna. Irin wannan makamashi ya fi dacewa da raga mai girgiza da wuta matsakaiciya.

Lafiya da amfanin toka

Gawayin da bai sami isasshiyar iska ba yana ƙara fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari kuma tana kisa. Haɗarin ya fi yawa a lokacin hunturu, sa'ad da ake shigar da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa da taga. Raga mai tsabta tana rage wannan iska amma ba ta kawar da ita, saboda haka kwana da garwashi a rufaffen ɗaki haɗari ne ko da wane irin murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020. Tokar da aka kwashe tana iya ɓoye garwashi na sa'o'i masu yawa, don haka ake zuba ta a mazubin ƙarfe nesa da rumbu da danga da tarin kara.

Toka ba shara ba ce zalla. Ta itace da ta kara ana tace ta a sami ruwan toka na girki da na haɗa sabulu, ana zuba ta a gona, ana kuma cakuɗa ta da wake don kare shi daga ƙwari. Tokar ɓuntu da aka ƙona a zafin da bai wuce digiri 700 ba tana iya maye gurbin wani kaso na siminti a kankare. Idan zafin ya haura digiri 800 zuwa 900, silikar tana sauya siffa, amfaninta a gini ya ragu, ƙurarta kuma ta fi cutar da huhu. Don haka yadda raga ke fitar da toka a kan lokaci yana shafar ingancin tokar kanta, ba ƙarfin wutar kaɗai ba.