Asalin doki: jini ne ko rajista?

Masu kiwon dawaki na da kalmominsu. Namijin da aka ware don barbara shi ne ingarma, macen kuwa goɗiya, ɗansu kuma duƙushi. Goɗiya kan ɗauki ciki na kimanin wata 11, kuma galibi ɗa ɗaya take haifa. Idan jaki ne ya barbare ta, alfadari za ta haifa, dabba mai ƙarfi wadda kusan ba ta haihuwa. Idan kuwa uwa da uba dawaki ne amma nau'insu daban, ɗan ya zama ruwa-biyu.

To, wa ke yanke hukuncin cewa wannan doki tsantsa ne, wancan gauraye? Tarihin Thoroughbred, dokin sukuwa mafi tsada a duniya, ya ba da amsa. An samar da shi a Ingila ta hanyar haɗa goɗiyoyin ƙasar da ingarmun da aka kawo daga gabas. Uku daga cikinsu ne tushen salsalar uba ta duk irin a yau: Byerley Turk, da Godolphin Arabian, da Darley Arabian wanda aka sayo a Halab ta Siriya a 1704. Irin da ake tinƙaho da tsarkinsa, ashe ruwa-biyu ne tun fil azal.

Littafi ne ya mai da shi tsantsa. A 1791 James Weatherby ya fara wallafa kundin asali, General Stud Book, kuma sannu a hankali shiga cikinsa ta zama shaidar zama ɗan dangi. Har gobe ba a rajistar duƙushin da aka samu ta hanyar ɗura wa goɗiya maniyyi. Dole ingarma ya hau ta da kansa.

Mai riƙe da kundi kuwa shi ke riƙe da kasuwa. A 1913 mahukuntan sukuwar Ingila suka kafa ƙa'idar Jersey, wadda ta hana rajistar duk dokin da ba a iya bin kakanninsa kaf zuwa kundin ba. Ta toshe ƙofa ga yawancin dawakin Amurka, waɗanda takardun wasunsu suka salwanta a yaƙin basasar ƙasar, a daidai lokacin da suke kwarara kasuwar Ingila. Sai a 1949 aka soke ta, bayan dawakin Faransa masu jinin Amurka sun yi ta lashe manyan gasannin Ingila.

Darasin ya shafe mu. Dawakin hawan sallah a Kano da Katsina galibi haɗin Barb na Arewacin Afirka ne da Dongola na Sudan, masu jure zafi da doguwar tafiya, amma asalinsu a ƙwaƙwalwar masu kiwo yake. Attajiran kulob ɗin polo kuma suna sayo na Ajantina, haɗin Criollo da Thoroughbred, da kuɗin waje. Muddin ba a rubuta salsalar namu ba, wasu ne za su ci gaba da yanke musu daraja da farashi.