Taɓin Aljanu Da Maganinsa A Wurin Musulmi Da Nasara

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya halicci mutum daga yumɓu, ya halicci aljan daga harshen wuta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ku sani, ya ku malamai da fatake, samuwar aljanu babu jayayya cikinta, gama sura ta 72 sunansu gare ta. Inda malamai suka saɓa shi ne shigar aljan jikin ɗan Adam. Mafi yawan Ahlus Sunna sun tabbatar da ita, hujjarsu aya ta 275 cikin Baƙara, inda aka kwatanta tashin masu cin riba ran Ƙiyama da tashin wanda Shaiɗan ya buge. Zamakhshari mai Kashshafi kuwa ya ce ayar ta zo ne bisa abin da Larabawa ke riyawa.

Amma ko waɗanda suka tabbatar ba su ce kowace faɗuwa ta aljan ce ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu shekara ta 751 ta Hijira, ya raba farfaɗiya kashi biyu cikin Zadul Ma'adi: ta miyagun ruhohi, da ta ɓacin jiki, wadda masu magani suka san sababinta. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wata baƙar mace mai farfaɗiya da ta nemi addu'a wurin Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da ladan Aljanna, ko addu'ar waraka. Ta zaɓi haƙuri, ta roƙi dai kada tsiraicinta ya riƙa bayyana. Ibnul Ƙayyim ya ce mai yiwuwa tata ta kashi na biyu ce.

Ruƙiyya halal ce bisa sharuɗɗa uku da Ibnu Hajar ya kawo cikin Fatahul Bari: ta kasance da zancen Allah ko sunayensa, da Larabci ko harshen da aka san ma'anarsa, a kuma ƙudurta cewa Allah ke warkarwa. Karɓar lada babu laifi, gama sahabbai sun karanta Fatiha ga wani shugaban ƙabila da aka harba, aka ba su tumaki. Amma wanda ya ce ku yanka wa aljan baƙin bunsuru, ko a yi wa majinyaci girka, boka ne, ko da rawani a kansa.

Nasara ma sun yarda da taɓin aljanu. Cikin Linjilar Markus, babi na 5, akwai labarin wani mai zama a makabarta wanda ba ya ɗauruwa ko da sarƙa, Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata gare shi, ya fitar masa da aljanu, suka shiga garken aladu wajen 2,000, suka hallaka cikin ruwa. Ɗariƙarsu ta Katolika ta tsara littafin wannan aiki a 1614, ta sabunta shi a 1999. Dokarsu ita ce limaminsu ba ya yi sai da izinin bishop, kuma sai ya bincika ko ciwon jiki ne ko na hankali.

Dubi abin da ya faru a Jamus a 1976. Wata budurwa mai shekara 23, wadda likitoci suka ce farfaɗiya gare ta, aka bar magani aka yi mata korar aljanu sau 67, har ta mutu da yunwa da ƙishirwa. A 1978 alƙali ya kama iyayenta da limamai biyu da laifin sakaci.

Wannan izina ce gare mu. Idan ɗanka ko matarka ta faɗi, karanta mata Fatiha da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ka kuma kai ta asibiti, gama neman magani umurnin Annabi ne. Kada ka yarda a ɗaure ta a doke ta. Mai bulala yana zaton aljan yake duka, alhali in zatonsa ya kuskure, jikin Musulma ya farfasa, kuma za a tambaye shi gobe Ƙiyama.

Allah ya ba majinyatanmu lafiya, ya tsare mu daga sharrin mutum da aljan. Allah shi ne mafi sani. Haza wassalamu.