Yadda mintunan farko na fim ɗin ban tsoro ke ɗaure mai kallo

Sabon Wuse (Jihar Neja) — Wanda ya yanki tikiti ya shiga silima da wuya ya tashi ya fita don fim bai yi masa armashi da wuri ba, kuɗinsa ne zai zaunar da shi. Amma matashin da ya kai wayarsa shagon tura fina-finai a Sabon Wuse, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Tafa, yatsa ɗaya ya ishe shi ya goge fim ya buɗe wani. Saboda haka mintunan farko ne ke yanke wa fim hukunci, musamman na ban tsoro, wanda aikinsa shi ne ya sa mutum jiran abin da ba ya so ya gani, ya kuma kasa kau da kai.

Daraktan nan ɗan Ingila, Alfred Hitchcock, ya taɓa fayyace wannan jira da misali. Mutum biyu na hira a tebur, sai bam ya tashi a ƙarƙashinsu: mai kallo zai razana na 'yan daƙiƙoƙi ne kawai. Idan kuwa tun farko an nuna masa bam ɗin da lokacin da zai tashi, to duk kalmar da mutanen suka furta za ta zame masa azaba, ko da kan farashin hatsi suke magana. Iyayenmu masu tatsuniya sun riga shi sanin haka. Uwa ta ce wa 'yarta kada ta je rafi da almuru, yaran da ke sauraro sun san Dodo na can, yarinya kuwa ta ɗauki tulu ta nufi rafi. Tun kafin Dodo ya fito an matsa kusa da kaka.

A fim, kyamara ce ke fara ba mai kallo wannan sani. Fim ɗin Jaws na Steven Spielberg, wanda ya fito a 1975, ya buɗe ne a ƙarƙashin teku, kyamara na ratsa ciyayin ruwa kamar wata halitta mai neman abinci. Daga baya wata budurwa ta bar abokanta a bakin wuta ta shiga iyo cikin dare, sai aka nuno ƙafafunta daga ƙasa, hoton yana matsowa sama. Ba a nuna kifin ba ko kaɗan. An dai ɗora mai kallo a mazaunin idon kifin.

John Carpenter ya kai wannan dabara ƙarshe a Halloween na 1978. Kusan minti huɗu kyamara na tafiya kamar mutum: ta leƙa taga, ta zagaya bayan gida, ta shiga kicin, wani hannu ya ɗauki wuƙa, ta hau bene. A can hannun ya ɗauki abin rufe fuska, daga nan sai ta ramukan ido biyu ake ganin komai. An yi amfani da wata na'ura da ake ɗaura wa mai ɗaukar hoto a jiki, mai hana kyamara girgiza, aka kuma ɓoye wuraren da aka yanka hoton har ya zama kamar ɗauka ɗaya. Abin da ke damun mai kallo shi ne an tilasta masa zama cikin jikin mai laifi, ba zai iya tsayawa ba, ba zai iya yi wa kowa ihu ba. Sai da aka fito waje aka cire abin rufe fuskar, kyamara ta juyo, aka ga yaro ne ɗan shekara shida.

Nisa ma na iya yin abin da kusanci ya yi. Stanley Kubrick ya buɗe The Shining na 1980 da hoton da aka ɗauka daga jirgi mai saukar ungulu, yana bin wata 'yar mota ruwan ɗorawa a hanyar tsaunukan Montana a Amurka, da rana tsaka. Babu jini, babu duhu. A ɗauki misali na kusa: motar da ta taso daga Sabon Wuse ta nufi Madalla, ta zo gindin Dutsen Zuma. Idan kyamara na cikin motar, tafiya ce kurum ta matafiya. Idan aka ɗaga ta sama, motar ta koma kamar tururuwa a gaban wannan dutse mai siffar fuskar mutum, wanda hotonsa ke jikin tsohuwar takardar naira 100, aka kuma bi ta a hankali daga baya, dole mai kallo ya tambayi kansa wane ne ke bin su.

Daga kyamara aiki kan koma hannun mai tace fim, wanda ke yanke shawarar inda hoto zai tsaya da inda wani zai fara. Kowane yanka numfashi ne ga mai kallo. Idan aka hana shi, sai ya riƙe nasa. A wani lokacin kuma yankan ne makamin. A farkon Jaws, ana tsakiyar jan budurwar cikin ruwa tana kururuwa, sai Verna Fields ta yanka zuwa saurayin da ya biyo ta, kwance a kan yashi cikin maye, bai ji komai ba. Ta dawo teku, ruwa ya lafa, ba abin da ake ji sai ƙararrawar alamar jiragen ruwa tana kaɗawa. Fields ta samu kyautar Oscar a kan wannan fim. A Scream na Wes Craven, 1996, yarinya na waya da baƙon da ba ta sani ba, ga guguru ta ɗora a wuta. Duk lokacin da aka koma kan gugurun ya ƙara kumbura, daga bisani ya fara hayaƙi. Ya zama agogon da ke auna yadda hirar ke lalacewa.

Sauti shi ne kason da masu kallo suka fi raina wa, alhali shi ya fi aiki. Ido na ganin abin da ke gabansa ne kawai, kunne kuwa na jin na baya da na gefe da na cikin duhu, kuma ba shi da murfi. Kiɗan da John Williams ya yi wa Jaws murya biyu ne masu kauri, suna maimaituwa, suna ƙara sauri. Tun a mintin farko an koya wa mai kallo cewa wannan kiɗa yana nufin kifin ya zo, don haka a sauran fim ɗin jinsa kaɗai ya wadatar.

The Exorcist na William Friedkin, 1973, ya bi wata hanya da za ta ja hankalin mai kallo Bahaushe. Fim ɗin ya buɗe da muryar kiran sallah, a arewacin Iraƙi, inda ake haƙar kayan tarihi a kufan birnin Hatra. Kusan minti goma ana bin wani dattijon limamin Kirista, ba a nuna aljani ya shiga kowa ba. Sai ƙarar diga a kan dutse, da dukan maƙera a kan maƙera, da agogon bango da ya tsaya cak ba dalili, da keken doki da ya kusa take shi, da karnuka biyu suna faɗa. Duk sautuka ne na yau da kullum, irin waɗanda za a ji a kowace kasuwar ƙauye, amma an ɗaga su sama da ƙima har suka zama barazana. Fim ɗin ya ci Oscar a fannin sauti. Shi kuwa A Quiet Place na John Krasinski, 2018, shiru ya mayar makami: iyali na tafiya ba takalmi, suna magana da hannu, har ƙaramin yaron ya kunna abin wasansa mai batir.

Nan ne mai kallo a waya ke yin asara. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri, wanda a silima ake jin sa a ƙirji, ga kuma rurin janareta da hon ɗin tireloli a babban titi. Abin sa wa a kunne na rage wannan giɓi sosai. Haka nan a fina-finan da ake fassarawa zuwa Hausa, duk mai fassarar da ya ga an yi shiru ya cike gurbin da barkwanci, ya rushe abin da aka ɓata makonni ana ginawa, ko da kuwa barkwancin ya ba da dariya.

A gida Najeriya, Kunle Afolayan ya nuna a The Figurine na 2009 cewa labari ma na iya zama bam ɗin Hitchcock. An fara da tarihin gunkin Araromire, mai ba da shekara bakwai ta arziki sannan bakwai ta masifa. Bayan haka duk alherin da ya samu jaruman, mai kallo ƙidaya yake yi. A fina-finan bidiyo na Hausa kuwa, waɗanda suka faro da Turmin Danya a 1990, labaran aljanu da mayu ba baƙi ba ne, sai dai sau da yawa akan yi gaggawar fito da aljanin tun fitowar farko, da farar hoda da jan ido da dariya mai amsa kuwwa. Da an gan shi sarai, an auna shi, tsoro ya ragu.

Akan ɗora laifin a kan ƙarancin kuɗi, amma tarihin waɗannan fina-finai bai goyi bayan uzurin ba. An yi Halloween da kimanin dala dubu 300, kuma Carpenter da kansa ya tsara kiɗansa. Spielberg yana da kuɗi, har an ƙera masa kifin inji, sai dai ruwan gishiri ya riƙa lalata shi a lokacin ɗaukar fim a tsibirin Martha's Vineyard. Dole ta sa ya rage nuna shi, ya dogara da kyamarar ƙarƙashin ruwa da kiɗa da wasu gangunan roba da kifin ke ja a saman teku. Sai fim ya haura awa ɗaya kafin a ga fuskar kifin sosai.