Gigin Tsufa: Hakkin Maƙwabta A Kan Tsohon Da Ke Zaune Shi Kaɗai

Ya kamata jama'a su sani cewa gigin tsufa ciwo ne da ke kama ƙwaƙwalwa. Mai fama da shi yakan manta abin da ya faru ɗazu, ya maimaita tambaya sau da yawa, ko ya ɓace a hanyar da ya sani tun ƙuruciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 57 ne ke da ciwon a shekarar 2021, kuma cutar Alzheimer ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ita ba, amma kulawa tana rage wahala ƙwarai.

Mu ɗauki misali da Jalingo. Tun da ta zama babban birnin Jihar Taraba a 1991, garin ya bunƙasa, baƙi sun yawaita, wasu 'ya'ya kuma aiki ya kai su Yola ko Abuja. Tsohuwar da aka bari ita kaɗai a Sintali ko Majidadi, maƙwabci ne zai fara ganin ta bar tukunya a kan wuta, ko ta fita da tsakar dare. Saboda haka ana roƙon jama'a su kiyaye waɗannan abubuwa:

1. Zumunta a ƙafa take. Gidaje uku ko huɗu su raba kwanaki, a riƙa leƙa ta safe da yamma a tabbatar ta ci abinci, ta sha ruwa da magani.

2. A riƙa yi mata rakiya zuwa masallaci ko coci, da wurin suna da biki, domin kaɗaici yana ƙara rikicewa.

3. A sa mata takarda mai ɗauke da sunanta da unguwarta da lambar wayar ɗan'uwa. A sanar da mai unguwa da masu shaguna na kusa.

4. In ta ce an sace mata kuɗi, kada a yi gardama. A taya ta nema cikin lallashi.

5. Kada a bar yara su yi mata ature. In an tsinci tsohuwa tana yawo tana sambatu, kada a kira ta mayya. Mara lafiya ce, a mai da ita gida.

6. A kai ta ga likita, kamar a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo. Rikicewar da ta zo farat ɗaya tana iya zama alamar wani ciwo dabam da ake warkarwa, don haka kada a yi jinkiri.

Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021. Duk da haka, ba ma'aikacin da zai riga maƙwabci jin motsin ƙofa da dare. Wanda ya kula da tsohon unguwarsu yau, yana koya wa 'ya'yansa yadda za su kula da shi gobe.