Ƙarya fure take: Yadda ake kula da itacen ƙarya bayan furanninsa sun zube

A tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta bushe a tsakanin duwatsun Roni kuma yawancin itatuwa sun kaɗe ganye, akwai wani ɗan guntun itace mai ƙaton gindi da ke cika da furanni ja-ja masu farin ciki. Ana ganinsa a tsakar gida ko bakin danga, nan da Kazaure da Gwiwa har Ɓaɓura.

Hausawa na kiransa ƙarya, masana tsirrai kuma Adenium obesum. Likita ɗan Birtaniya J.M. Dalziel, a littafinsa na sunayen tsirran ƙasar Hausa na 1916, ya danganta sunan da yadda itacen ke yawan fure amma da wuya a ga 'ya'yansa. Karin maganar nan ke nan: ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Furannin kan ragu idan damina ta kankama, kuma a nan ne itacen da ya jure zafin Afrilu yake iya mutuwa a hannun mai shi.

Ruwa ne ajalinsa

Ƙaton gindin nan rumbun ruwa ne. Da shi itacen ke rayuwa wata da watanni ba a ba shi ko ɗigo ba. Idan furanni suka zube, sai wasu su zaci ƙishirwa ce, su riƙa kwarara masa ruwa safe da yamma. Ga kuma ruwan Agusta, watan da ya fi kowanne marka a wannan yanki.

Saiwar da ta daɗe cikin laka ruɓewa take yi. Alamar farko ita ce ganye ya yi rawaya, sannan gindin ya yi laushi idan aka danna shi da yatsa. Lafiyayyen gindi tauri gare shi.

Wanda ke cikin tukunya yana buƙatar huda a ƙasan tukunyar, da ƙasa mai yawan yashi. A ɗora tukunyar a kan duwatsu, nesa da indararo, inda rana ke dukanta mafi yawan yini. Kada a ƙara ruwa sai ƙasar ta bushe. Wanda aka dasa a tsakar gida kuwa, a fitar masa da hanyar ruwa don kada ya kwanta a gindinsa.

Idan ruɓa ta riga ta kama, ana tono itacen, a yanke duk inda ya yi laushi har a kai ga farin nama, a bar shi a inuwa ya sha iska na wasu kwanaki, sannan a sake dasawa a busasshiyar ƙasa.

Sassabe da dashe

A kan rassa furen yake fitowa, don haka yawan rassa shi ne yawan furen baɗi. Ana rage dogayen rassa da wuƙa mai kaifi da tsabta tun farkon damina, a ranar da ba hadari, domin wurin yankan ya bushe kafin ruwa ya taɓa shi.

Reshen da aka yanke yana kamawa idan aka bar bakinsa ya bushe kwana biyu zuwa uku kafin a soka shi a yashi. Sai dai ba ya saurin yin ƙaton gindi kamar wanda aka shuka daga iri.

Domin kuwa ƙarya tana 'ya'ya, jefi-jefi. Kwansonta biyu-biyu ne kamar ƙahon sa, kuma idan ya tsage iska ce ke kwashe irin, saboda gashin da ke jikinsa. Masu son irin kan ɗaure kwanson da zare tun kafin ya fashe.

Hattara da ruwan jikinsa

Ruwan da ke fita daga wurin yanka guba ne mai taɓa bugun zuciya. A wasu sassan Afirka mafarauta sun daɗe suna haɗa dafin kibiya da shi.

Mai sassabe ya sa leda ko safar hannu, kada ya taɓa idonsa, ya wanke hannu da wuƙar da sabulu. Rassan da ba za a dasa ba a binne su, kada a zubar a juji inda yara da awaki ke kai-komo. Wanda ya haɗiyi wani sashe nasa a garzaya da shi asibiti.

A birane irin su Abuja da Legas, wasu na sayen furen okid na ƙasashen kudu maso gabashin Asiya da tsada. Shi ma yawan ruwa ne ke ruɓar da saiwarsa bayan ya gama fure, ga shi yana son inuwa da iska mai laima, abin da hunturun Jigawa ba shi da shi.

Ƙarya kuwa ɗan ƙasa ne, wanda masu lambuna a Tailan suka mayar da shi haja ta hanyar aure da fitar da launuka iri-iri. A Roni, reshe ɗaya daga gidan maƙwabci ya isa.

Idan sanyin Disamba ya shigo ganyen ya zube, itacen bai mutu ba, hutawa yake. A rage masa ruwa sosai, a jira furen rani.